Gargaɗi kan masu sayar da hannun jari a tsohon jirgin DC-3 da sunan jirgin alhazan Kano

Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda wata damfara da ta shigo cikin danginmu ta WhatsApp, ta ci kuɗin kawuna, kuma ina da tabbacin cewa har yanzu tana yawo a wayoyin dattawa masu son tarihi. Wasu mutane ne suke tallar wani tsohon jirgin sama mai farfela biyu, ƙirar DC-3, wanda suka ce yana ajiye a wani ƙaramin filin jirgi a ƙasar waje. Sun ce shi ne ya riƙa jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda a shekarun 1950, kuma suna neman masu zuba jari domin a gyara shi, a dawo da shi gida, a riƙa shawagi da masu yawon buɗe ido, a raba riba duk ƙarshen shekara. Na yi shekaru masu yawa ina kanikancin jiragen sama kafin in yi ritaya, don haka da Kawu ya miƙo mini takardun da suka turo masa, ban daɗe ina dubawa ba jikina ya yi sanyi.

Kafin in shiga batun takardun, ya kamata a san jirgin da ake magana a kansa, domin gaskiyar tarihinsa ce waɗannan mutane suke fakewa da ita. Kamfanin Douglas na Amurka ne ya ƙera DC-3, ya fara tashi ranar 17 ga Disamba, 1935, a Santa Monica ta jihar Kalifoniya, sannan ya fara ɗaukar fasinja a 1936. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sojojin Amurka suka karɓi samfurinsa na soja da sunan C-47, Turawan Ingila kuma suka kira shi Dakota, aka ƙera sama da 10,000 na wannan samfuri kaɗai. Bayan yaƙi aka sayar da dubbai da araha, kamfanonin sufuri a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka suka saya suka sanya musu kujeru. Kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, WAAC, wanda aka kafa a 1946, ya yi aiki da irinsa, haka ma Nigeria Airways da ya gaje shi a nan. Saboda haka duk dattijon da ya ce ya ga Dakota a filin jirgin Kano bai yi ƙarya ba, kuma wannan tunawa ce 'yan damfarar suke taɓawa.

Kawu ya haura shekara saba'in. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka tafi Makka ta jirgin sama a zamanin da mafi yawan maniyyata suke bin hanyar Cadi da Sudan a ƙasa, kuma akwai wani hoto mai launin ƙasa-ƙasa da ya adana a cikin jakar Alƙur'aninsa, inda tsohon yake tsaye da buta a hannu a gindin matakalar jirgi. Da na tambaye shi dalilin da ya sa bai neme ni ba kafin ya tura kuɗi, sai ya ce, “Ɗana, riba ba ta dame ni ba. Cewa suka yi za a rubuta sunan Baba a jikin kujera.” Na ce masa, “Kawu, Allah ya ba ka ladan niyyarka, amma ka ba ni izini in duba maka takardun nan ɗaya bayan ɗaya.” Ya riga ya biya abin da suka kira kafin alƙalami, a asusun wani mutum, ba na kamfani ba.

Takardar farko tana ɗauke da hatimi da sunan Nigeria Airways, an kuma rubuta mata shekarar 1953. A wannan shekara babu kamfani mai wannan suna, domin sai a 1958 aka kafa kamfanin jiragen Najeriya bayan an raba WAAC. A wannan takarda dai an nuna lambar rajistar jirgin ta fara da 5N, alhali a zamanin mulkin mallaka jiragen da aka yi wa rajista a Najeriya suna farawa ne da VR-N, kuma sai bayan samun 'yancin kai a 1960 aka koma 5N. Wanda ya ƙirƙiri takardar ya ɗauko lambar da yake gani a jikin jiragen yau ya manna wa zamanin da ba a san ta ba. Takarda ta biyu ta ce an ƙera jirgin sabo fil a 1951, bayan kuwa Douglas ya daina ƙera sababbin DC-3 tun tsakiyar shekarun 1940.

Labarin tafiye-tafiyen da suka rubuta shi ne ya fi ba ni takaici, domin a nan suka raina hankalin mutane ƙwarai. Sun ce jirgin yana kwasar alhazai 60 ya kai su Jidda kai tsaye ba tare da tsayawa ba. DC-3 yana ɗaukar fasinja 21 ne zuwa 32, gwargwadon yadda aka jera kujerunsa, kuma abin da yake iya ci a tashi ɗaya bai wuce kimanin kilomita 2,400 ba, alhali tsakanin Kano da Jidda ya haura kilomita 3,000. Irin wannan jirgi dole ne ya yada zango ya sha mai a hanya, a garuruwa irin su Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena, da Hartum. A cikin hotuna biyar da suka turo kuwa, ɗaya na jirgi ne mai injin huɗu da taya a ƙarƙashin hancinsa. DC-3 injin biyu gare shi, kuma ƙaramar tayarsa ta uku a wutsiya take, shi ya sa idan yana tsaye hancinsa yake kallon sama, fasinja kuma yake hawa zuwa kujerarsa kamar mai hawan tudu. Duk wanda ya taɓa shiga cikinsa ba ya manta wannan gangara.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne cewa tarihin jirgin sama ba a baki yake ba. Lambar rajista tana canjawa duk lokacin da aka mayar da rajistar jirgi wata ƙasa, fenti da suna ma suna canjawa, amma lambar masana'anta, wadda aka buga a kan wani ɗan farantin ƙarfe da aka kafe a jikin jirgin tun ranar da aka ƙera shi, ita ce take bin sa har ƙarshen rayuwarsa. Bayan ita akwai littattafan aiki: na gangar jirgin daban, na kowane inji daban, na kowace farfela daban, inda ake rubuta awannin tashi da kowane gyara, da sa hannun injiniya da lambar lasisinsa. Mu da muka yi wannan aiki mun san kamannin littafi na gaskiya, da tawada iri-iri, da rubutun hannaye dabam-dabam, da tabon baƙin mai a gefen shafi. Abin da aka turo wa Kawu shafi huɗu ne tsaf-tsaf da rubutun kwamfuta iri ɗaya, wai su ne tarihin shekara saba'in.

Akwai misali na gaskiya da yake nuna yadda ake tabbatar da irin wannan tarihi. Wani C-47 da ya jagoranci babban ayarin jiragen da suka sauke sojojin laima a Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944, an gano shi ne a harabar kamfanin Basler da ke Oshkosh a jihar Wiskonsin, inda ake sake wa irin waɗannan jirage sababbin injuna. An gane shi ne ta lambarsa ta soja, 42-92847, da aka bi ta cikin kundayen rundunar sojin sama. Ƙungiyar Commemorative Air Force, mai adana tsofaffin jiragen yaƙi a Amurka, ta karɓe shi a 2015, ta tara gudummawa a bainar jama'a, jirgin ya sake tashi a 2018, sannan ya koma Normandi a 2019. A can an fara bayyana lambar ne kafin a nemi kuɗin kowa, kuma gudummawa aka nema, ba a yi wa kowa alkawarin riba ba, domin tsohon jirgi cin kuɗi yake yi. Injinansa suna bukatar gyaran gaba ɗaya bayan ƙayyadaddun awanni, kuma man da yake sha ba irin na jiragen zamani ba ne, samunsa da wuya a yawancin filayen jiragen yankinmu.

Na kira lambar wayar da ke jikin tallar a gaban Kawu, na nemi abu uku kawai: hoton farantin lambar masana'anta, lambar rajistar da jirgin yake ɗauke da ita a yanzu, da sunan filin da yake ajiye. Wanda ya ɗauka ya yi magana cikin ladabi, ya ce waɗannan bayanai sirri ne sai ga wanda ya kammala biya, sannan ya ƙara da cewa guraben da suka rage ba su da yawa kuma ranar Juma'a za a rufe. Lambar rajistar jirgi ba sirri ba ce, domin da manyan baƙaƙe ake rubuta ta a jikinsa don kowa ya gani. Hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, da takwararta ta Ingila sun sanya rajistarsu a intanet kyauta, a Najeriya kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce take riƙe da rajistar. Ya kuma nuna takardar rajistar kamfani a matsayin hujja, alhali rajistar kamfani ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Hukumar kula da hannayen jari, SEC, ce take da hurumin wannan.

Kwana biyu bayan kiran suka cire Kawu daga zauren WhatsApp ɗin, lambar kuma ta daina shiga. Mun kai ƙorafi bankinsa da ofishin EFCC tare da rasit da hotunan duk saƙonnin, kuma har yau kuɗin ba su dawo ba. A makon jiya wani maƙwabcinmu ya nuna mini sabuwar talla a Facebook mai kalmomi iri ɗaya da waccan, sai dai an canja sunan shafin, an kuma sanya hoton wani jirgi ƙirar Fokker F27, irin wanda Nigeria Airways ya yi aiki da shi a shekarun 1960. Duk wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya goge saƙo ko ɗaya, kada kuma ya biya wani kuɗin da za su kira na kwastan ko na lauya domin a mayar masa da na farko. Ya ɗauki rasit ɗinsa ya je bankinsa a yau, daga can ya wuce wurin hukuma.