Na'urar auna gishirin ruwa, ga masu kiwon kifi a bakin lagun na Legas

Jama'a masu jan ruwan lagun (wato babban tafkin nan da ke haɗe da teku) suna zubawa a kududdufin tarwada, musamman ƴan uwanmu na wajen Ikorodu da Aja, wannan ƴar na'urar ta cancanci kuɗinta. Refractometer ake ce mata a shagon kayan kifi, ta hannu ce, ba batir ba caji.

Yadda take aiki ba wahala, ka ɗaga murfin gilashin ka ɗiga ruwa ɗigo biyu ko uku ka rufe, sai ka leƙa ta wajen haske, za ka ga shuɗi a sama fari a ƙasa, inda suka haɗu nan ne lambar gishirinka. Ma'auninta daga 0 zuwa 100 ne, ruwan teku kuma wajen 35 yake, wato giram 35 na gishiri a kowace lita kusan.

Abin da ya sa na ce a saya shi ne ruwan lagun ba ya tsayawa wuri ɗaya wallahi. Da damina kogin Ogun na kwararo ruwan daɗi ciki har lambar ta sauko kusan sifili, lokacin ne ma kainuwa ke rufe hanyar masu kwale-kwale, amma da rani ya kama kogi ya ja baya sai teku ya riƙa turo nasa ta bakin tashar Apapa, ga wurin ba zurfi rana na ƙafar da shi gishirin na zama, sai ka ga kainuwar ta bushe da kanta. Ko a rana ɗaya ma awon lokacin da teku ya cika daban da na lokacin da ya janye. Wajen Epe da sauƙi don sun yi nisa da bakin teku. A Ada ta Gana kuwa ƙafewar lagun ɗin Songor ce sana'ar mutane, gishiri suke kwasa.

Tarwada kifin ruwan daɗi ce, gishiri na hawa za ka ga ta rage ci, karfasa ta fi ta juriya. Masu cewa ai ɗanɗanawa da harshe ya isa, to harshe ba zai gaya maka bambancin 3 da 8 ba.

Inda ta gaza: layukan ƙasan sun matsu sosai, alhali nan ne mu muke buƙata, mai raunin ido sai ya wahala. Da daddare kuma sai da tocila. Sannan tana kaucewa, dole lokaci zuwa lokaci ka ɗiga mata tataccen ruwa irin na batir ka murɗa ɗan sukurun sama har ta dawo 0. Kar a tsoma ta cikin ruwa, a goge gilashin da tsumma mai laushi bayan kowane awo, in ba haka ba gishirin jiya zai shiga lissafin yau. In za ku saya ku duba mai rubutun ATC a jiki, ita ce zafin rana ba ya rikita ta sosai.