Maganin sauro a gidan da ke da mage ko kare: wanne za ka saya?

Da ruwa ya sauka a Sakkwato, sauro ya dawo, kowa sai ya nufi kasuwa neman abin korar sa. In kana da mage a gida, mussa kamar yadda muke kiran ta a nan, ko karen gadi a tsakar gida, tsaya tukuna kafin ka miƙa kuɗi. Duk abin da ka kunna ko ka fesa su ma suna shaƙa, kuma hancinsu na ƙasa, inda maganin ke sauka. Mage kuwa ta ƙara da lashe jikinta, ta haɗiye abin da ya manne a gashinta.

Igiyar leƙo ta fi komai arha, amma wani bincike na 2003 ya gano cewa guda ɗaya tana fitar da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi daidai da karan sigari 75 zuwa 137. Mage na kamuwa da asma: za ka ga ta durƙusa, ta miƙe wuya tana tari kamar mai son amai. Feshin gwangwani da dama-dama, muddin ka fitar da dabbar da kwanon ruwanta, ka buɗe tagogi kafin ta dawo. Sai dai ka karanta jikinsa. In akwai sinadarin permethrin, ajiye shi, domin hantar mage ba ta iya sarrafa shi. Shi ake sawa a wasu magungunan kaskar kare, kada ka kuskura ka shafa wa mage.

Fiya-fiya ce ta ƙona ni. Na saye ta hannun wani mai talla cikin kwalba marar suna, na yayyafa bayan ƙofa. Kafin Isha'i magena tana dalalar miyau, jiki na makyarkyata, ƙwayar ido ta tsuke kamar tsinin allura. Da kyar likitan dabbobi ya ceto ta. Yawancin irin wannan haɗi da dichlorvos ake yi, maganin ƙwarin gona, kuma babu wanda ya auna ƙarfinsa. Mai sayarwa zai rantse maka “wannan mai sauƙi ce, Alhaji”. Ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. Akwai ma masu ɗura ta a tsohuwar kwalbar kamfani, don haka duba hatimin murfi, in an taɓa buɗewa ka mayar masa.

Ni dai raga na zaɓa, tagogi da ƙofa duka. Kuɗin farko da nauyi, amma ba hayaƙi, ba wari, iska na shiga ko cikin zafin Afrilu. Ka ce wa kafinta ta waya kake so. Ta roba rana na busar da ita ta riƙa karyewa, farcen mage kuma ya ƙarasa ta cikin mako guda. Ka tsaya kansa yana bugawa, ka duba kusurwoyi da ƙasan ƙofa, don nan sauro ke bi. Wasu kan nuna maka mai kauri a shago su kawo sirara. Da hunturu raga na tare ƙura mai kauri, hazo dai yana wucewa, sai ka riƙa goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Karen da ke kwana waje ba ruwansa da raga. Shi dai a ɗaure shi nesa da salansar janareta da murhun gawayi.