Shari'un Google da Meta: wane shafin labarai ya cancanci kuɗinka?

Ranar 5 ga Agustan 2024 Mai Shari'a Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washington ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike ta intanet, kuma ya bi haramtacciyar hanya wajen riƙe ta. Nan take aka cika shafuka da hasashen za a raba kamfanin gida-gida. A Satumban 2025 alƙalin nan dai ya ƙi tilasta wa Google sayar da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet. Ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da za ta toshe wa abokan gasarsa ƙofa, ya kuma umarce shi ya ba su wasu bayanan bincike. Washegari hannun jarin Alphabet, uwar kamfanin, ya yi tsalle.

Wanda ya dogara da kanun labarai zai ɗauka alƙalin ya yi amai ya lashe, alhali ba haka ba ne. Irin wannan shari'a hawa-hawa take: a fara tabbatar da laifi, a koma a sake zama kan gyaran da za a yi, sannan a shiga ɗaukaka ƙara. Da wannan nake fara auna duk shafin da ke neman in biya shi kuɗin wata. Shin yana gaya mini a wane hawa ake? Idan bai bambanta "an same shi da laifi" da "an gama shari'a" ba, ko kyauta yake ya yi tsada, domin lokacinka yake ci.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ba a cika faɗinsa ba. Jaridun da ke kawo maka labarin ba 'yan kallo ba ne, da yawansu suna cikin rigimar tsundum. Kuɗin talla da ake shari'a a kansa shi ne abincinsu. Gannett, mai jaridar USA Today, ya maka Google a kotu a 2023 kan harkar talla, Daily Mail kuwa tun 2021 ta shigar da tata ƙarar. To da Mai Shari'a Leonie Brinkema ta jihar Virginia ta yanke a Afrilun 2025 cewa Google ya mamaye kasuwanni biyu na fasahar talla ba bisa ƙa'ida ba, masu rubuta labarin suna rubuta abin da ya shafi albashinsu ne. Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, shi ke da Washington Post tun 2013, ga Amazon kuma na fuskantar ƙarar da FTC, hukumar Amurka mai sa ido kan gasa a kasuwa, ta shigar a 2023. News Corp, mai Wall Street Journal, ya shafe shekaru yana kuka da Google kafin su ƙulla yarjejeniyar kuɗi a 2021. Axel Springer na Jamus, wanda ya sayi Politico a 2021, tsohon abokin takun-saƙar Google ne. New York Times na shari'a da OpenAI, mai ChatGPT, da Microsoft tun Disamban 2023. Ban ce 'yan jaridun nan ƙarya suke ba, cikinsu akwai gwanaye na gaske. Abin da nake nema shi ne jumla ɗaya a cikin labari da za ta ce "mai wannan jarida yana da hannu a maganar". Shafin da ke rubuta ta ba tare da an tambaye shi ba, ya wuce sauran a idona.

Ga wanda bukatarsa kawai ya san abin da ya faru, kamfanonin dillancin labarai na AP da Reuters sun wadatar. Gajerun labarai ne, da sunan alƙali, da adadi, da martanin kamfani. AP kyauta ne, haka ma Guardian ta Ingila. Rauninsu shi ne ba sa zama su warware maka dalili.

Inda na fi daɗewa shi ne The Verge, shafin labaran fasaha. Suna tura wakili ya zauna a kotu, kuma suna yawan liƙa takardar hukunci a jikin labari don ka karanta da idonka. Amfanin zama a kotu yana fitowa ne a ƙananan abubuwa. A shari'ar da aka fara a Satumban 2023 ne aka ji cewa Google ya biya dala biliyan 26.3 a 2021 kaɗai domin ya kasance injin binciken da waya ko manhajar shiga intanet ke buɗewa da shi, kuma a 2022 Apple shi kaɗai ya karɓi kusan biliyan 20. Ɗauki iPhone ka buɗe Safari, ka rubuta "farashin masara" a layin sama. Amsar daga Google za ta zo, ba don ka zaɓe shi ba, sai don an biya. Zuciyar shari'ar ke nan, kuma marubucin da ya iya nuna maka ita a tafin hannunka ya fahimci aikinsa. Tun ƙarshen 2024 The Verge ya sa shingen biyan kuɗi a wani ɓangare na rubuce-rubucensa, amma kuɗinsa bai kai na manyan jaridun kasuwanci ba. Ars Technica, na Condé Nast, kusan layinsu ɗaya, ya fi tsawaita bayani, kuma ana karanta shi ba tare da biya ba. Aibin duka biyun shi ne idonsu na kan Amurka.

Turai kuwa wata duniya ce. A can ba alƙali ke fara yanke hukunci ba, Hukumar Tarayyar Turai ce ke bincike ta ci tara, sannan kamfani ya garzaya kotu. Ta ci Google tarar yuro biliyan 2.42 a 2017 kan fifita shafinsa na kwatanta farashi, biliyan 4.34 a 2018 kan Android, da biliyan 1.49 a 2019 kan talla. A wata guda, Satumban 2024, kotun ƙolin Tarayyar ta tabbatar da ta farko, wata kotun kuma ta soke ta ukun. Ga gwaji mai sauƙi: bincika ko shafin da kake son biya ya ba labarin sokewar muhimmanci kamar yadda ya bai wa labarin tarar. A wannan fage Financial Times, mallakar Nikkei na Japan tun 2015, da Politico ta Turai ne ke da wakilai zaunannu a Brussels, kuma su suka fi bin diddigin dokar kasuwannin dijital wadda a ƙarƙashinta aka ci Apple tarar yuro miliyan 500, Meta, mai Facebook, kuma miliyan 200, a Afrilun 2025. Financial Times na da tsada, ga shi da kuɗin waje za ka biya. Lauya ko malamin jami'a ko mai zuba jari zai fanshe kuɗinsa. Mai karatu don ƙaruwar kansa ya haƙura. Bloomberg da Wall Street Journal sun fi damuwa da abin da hukunci zai yi wa hannun jari. Shafin MLex kuwa na ofisoshin lauyoyi ne, kada ma ka wahalar da kanka.

Akwai kuma wasiƙun da ake turowa ta imel, kuma a nan sai an yi hattara, domin ra'ayi ne ba rahoto ba. Matt Stoller, mai wasiƙar BIG, ɗan gwagwarmayar yaƙi da babakere ne kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ben Thompson na Stratechery yana kallon lamarin ta fuskar dabarun kasuwanci, kuma sau da yawa yana ganin masu saye ne da kansu ke tururuwa wurin babban kamfani. Ina son karanta su biyun a kan hukunci ɗaya. Wanda ya riƙe guda ɗaya kawai, nan da wata shida zai koma magana da bakin marubucin. Hukuncin Nuwamban 2025 misali ne mai kyau na gwada su: Mai Shari'a James Boasberg ya yi watsi da ƙarar da FTC ta shigar da Meta kan sayen Instagram a 2012 da WhatsApp a 2014, bisa hujjar cewa yanzu Meta na gasa da TikTok da YouTube. Gardamar duka a kan iyakar kasuwa take, wato su wa za a ƙirga a matsayin abokan gasa. Marubucin da bai yi maka bayanin wannan ba, bai taɓo maganar ba.

Mu ma abin ya shigo gida. A Yulin 2024 FCCPC, hukumar Najeriya mai kula da gasa da kare masu saye, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda ake sarrafa bayanan 'yan Najeriya da kuma amfani da ƙarfin kasuwa, kotun musamman ta gasa da kare masu saye ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Kowa ya san yadda cinikin atamfa da turare ya koma WhatsApp da Instagram, don haka wannan ba labarin Turawa ba ne. Manyan shafukan waje sukan ambata su wuce. TechCabal da Techpoint Africa da Premium Times ne za su bi maka shi, kuma kyauta. Sashen Hausa na BBC da DW da Aminiya sukan kawo babban labarin idan ya fashe, amma har yanzu muna da ƙishin wanda zai zauna ya fassara mana hukunci sakin layi bayan sakin layi, kuma wannan yana damuna.

Da ni ne mai zaɓa da aljihun malamin makaranta, AP zan riƙe don labarin farko, Ars Technica don bayani, TechCabal don na gida, ban kashe ko kwabo ba. Idan akwai abin biyan shafi ɗaya, The Verge. Kafin ka sa katinka, rubuta "Mehta" a akwatin binciken shafin, ka karanta abin da suka rubuta a Agustan 2024 da na Satumban 2025, ka duba ko na farkon ya shirya ka wa na biyun. Takardun shari'ar ma suna nan a shafin CourtListener, duk mai so zai iya buɗewa ya gwada su da abin da jaridar ta gaya masa.