Sigil, Calibre ko Pandoc: wace manhaja ce ta fi tsara sunayen fayilolin littafin EPUB?

Littafin EPUB, wato nau'in littafin da ake karantawa a waya ko kwamfuta, ƙunshi ne na fayiloli masu yawa da aka matse wuri guda: kowane babi da nasa fayil ɗin, hotuna daban, sannan akwai fayil na OPF wanda yake ɗauke da jerin dukkan abin da ke ciki da kuma yadda babuka za su bi juna. Mai karatu ba ya ganin waɗannan sunaye, amma wanda zai koma ya gyara kuskure a babi na 17 bayan an saki littafi, shi ne zai san amfaninsu. Saboda haka, kafin mutum ya tsayar da manhajar da zai yi aiki da ita, ya kamata ya duba irin sunan da take raɗa wa sabon fayil, da kuma abin da take yi idan aka sauya sunan daga baya.

Sigil kyauta ce, kuma tun 2009 ake amfani da ita. Idan aka buɗe sabon littafi, fayil na farko yana zuwa da sunan Section0001.xhtml, na gaba kuma ya ɗauki lamba ta gaba. Matsalar tana fitowa ne lokacin da aka raba babi daga tsakiyar littafi, domin sabon fayil ɗin ba lallai ne ya samu lambar da ta dace da matsayinsa ba, sai a ga babi na 4 yana ɗauke da lambar da ta wuce ta babin ƙarshe. Wannan ba ya ɓata tsarin karatu, tun da jerin da ke cikin OPF ne yake hukunta hakan, amma yana rikita mai gyara. Maganinsa yana cikin manhajar: a zaɓi fayilolin gaba ɗaya, a ba na farko suna kamar babi001, sauran za su bi da babi002 da babi003 har ƙarshe, kuma Sigil za ta gyara duk mahaɗan da ke nuni zuwa gare su, har da na jadawalin abin da ke ciki. A ganina wannan gyaran mahaɗai shi ne abin da ya fi cancanci a auna kowace manhaja da shi, domin wanda ya warware ƙunshin ya sauya sunaye da hannu zai bar littafinsa cike da mahaɗan da ba sa kaiwa ko'ina.

Calibre, wadda Kovid Goyal ya ƙirƙira, ta samu sashen gyaran littafi a ƙarshen 2013, kuma ita ma kyauta ce. Idan aka juya rubutu zuwa EPUB da ita, sau da yawa akan samu sunaye irin su index_split_000.html, waɗanda ba sa faɗin komai game da abin da ke cikinsu, kuma takan raba duk fayil ɗin da ya haura KB 260 ko da babin bai ƙare ba, sai dai in an sauya wannan saiti. Sashen gyaran nata yana ba da damar sauya sunaye da yawa a lokaci guda, da kalmar farko da lambar da mutum ya zaɓa, kuma shi ma yana gyara mahaɗai. Wanda yake karɓar littattafan da wasu suka riga suka juya, ya fi samun sauƙi a nan.

Pandoc, manhajar juya rubutu daga wani tsari zuwa wani, ta fi su duka tsayawa a kan tsari ɗaya, domin ch001.xhtml da ch002.xhtml take fitarwa a kowane lokaci, amma da rubuta umarni ake sarrafa ta, kuma ba ta da allon gyara. Ta dace da mai fitar da littafi kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wanda yake son dukkansu su fito iri ɗaya. InDesign kuwa, manhajar tsara shafukan littafi, ta kuɗi ce, kuma sunan takardar aikin take ɗauka ta gina sunayen fayiloli a kai, don haka duk abin da aka sa a sunan takardar zai biyo littafin.

Wannan batu ya shafi masu buga littattafan Hausa kai tsaye. Ƙa'idar EPUB ba ta hana ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a sunan fayil ba, amma wasu tsofaffin na'urorin karatu sukan yi tuntuɓe da su, kuma EPUBCheck, manhajar da ke binciken kurakuran EPUB, tana yin gargaɗi idan ta ga sarari a cikin suna. Haka nan Windows ba ta bambanta Babi01.jpg da babi01.jpg, alhali na'urar karatu tana iya bambanta su, sai hoto ya fito a kwamfutar marubuci amma ya ɓace a wayar mai saye. Abin da ya fi aminci shi ne ƙananan haruffa marasa lanƙwasa, ba sarari, tare da sifili a gaban lamba don kada babi10 ya shige gaban babi2.

Ga mai littafi ɗaya ko biyu da yake son ganin abin da yake taɓawa, Sigil nake ba da shawara, a ajiye Calibre a gefe don juya rubutu kawai, sannan a bar sauya sunaye sai an gama raba babuka baki ɗaya.