Ritalin ko Concerta? Ga abin da na gani

Ɗan'uwa, tunda likita ya ce ka zaɓa tsakaninsu, ka ɗauki Concerta.

Dukansu maganin ADHD ne, wato matsalar kasa tattara hankali wuri guda, kuma sinadarinsu ɗaya ne, methylphenidate. Ritalin awa 3 zuwa 4 yake yi a jiki, sai ka ƙara wani da rana. Na sha shi kusan shekara guda, yana aiki ba laifi, amma na rana kullum sai na manta, kuma in ya sake ni wajen la'asar sai raina ya ɓaci ba gaira ba dalili.

Concerta ƙwaya ɗaya ce da safe, tana sakin maganin a hankali har wajen awa 12. Ni tela ne a unguwar Jekadafari, a Gombe. Da, sai in yanka yadi huɗu in bar su a kan tebur, ko ɗaya ban kai keke ba, masu kaya suna ta zarya. Satin da na fara ta ana gab da Babbar Sallah, na zauna tun hantsi na gama kaftani uku har da guga, almakashi yana nan inda na ajiye shi. Da na koma gida Hajiyarmu ta dube ni ta ce yau hankalina na jikina. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Shekara huɗu ke nan. Da azumi ma, da izinin likita, da sahur nake sha.

Amma ka ci abinci kafin ka sha, don tana kashe sha'awar ci, na rame sosai da farko. Kada ka fasa ta ko ka tauna, haɗiyewa ake yi. In ka ga ɓawonta a bayan gida kada ka tsorata, haka aka yi ta. In ka sha da rana, ranar ba barci. Ka riƙa auna hawan jini da bugun zuciya duk zuwa asibiti. Tana da tsada, wani lokaci ta yanke a gari, don haka ka koma wurin likita tun da saura.

Sannan ka kiyayi masu kemis da 'yan intanet da ke cewa za su kawo maka ba takardar likita. Wani ya taɓa miƙo min ƙwayoyi a leda, ba kwali, ba lambar NAFDAC, wai “duk ɗaya ne”. Doka ta sa ido a kan maganin nan. Ka saya a famasin asibiti ko famasi mai rajista, da takardarka a hannu.