Ranar da Gwaggo ta kasa tsallaka titi a Alƙahira

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman mutanen ƙauyukan Ringim da Taura, da duk wanda tashar Yankaba ce ƙofarsa ta shiga Kano.

Tun da Malam ya samu gurbin ƙaro karatu a Azhar muka tare a Alƙahira, duk mai kirana daga gida tambayarsa ba ta wuce abinci da wutar lantarki da kuɗin haya. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda talaka yake kai kansa wurin nema ya dawo a garin da mutanensa suka haura miliyan 20. To yau shi nake son ba ku labari, dalilin zuwan Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka turo ta a duba mata gwiwa.

Muna zaune ne a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasar, inda ɗalibai baƙi suka fi yawa. Asibitin kuma yana Dukki, can ƙetaren Kogin Nilu. Tasi kuɗinta da yawa, ga shi za ka iya ƙarewa a cikin cunkoso har lokacin ganin likita ya wuce. Sai na ce mu hau ƙaramar bas zuwa Abbasiyya, daga nan mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira metro.

Gwaggo ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba, sai dai labarin jirgin Nguru da take ba mu muna yara, yadda suke jin kukansa daga gona. Muka sauka ta matattakala mai tafiya da kanta, ta damƙe hannuna tana bismillah. Na sayi tikiti biyu, muka zura a ƙofa ta buɗe, muka je muka tsaya a ƙarƙashin shuɗin allon da ke nuna inda taragun mata za su tsaya. Jirgi ya zo, ƙofofi suka buɗe da kansu. Muna shiga wata budurwa da jakar makaranta a baya ta miƙe ta ba ta wuri, ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Gwaggo ta zauna, ta gyara mayafi, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, yanzu sai yaushe zai cika mu tashi?" Kafin in ba ta amsa har ƙofa ta rufe mun fara tafiya. Na ce, "Gwaggo, wannan ba ya jiran lodi. Ko mutum biyar ne a ciki tashi zai yi, wani na nan tafe bayan 'yan mintoci." Ta yi shiru tana jinjina kai.

A Ataba muka canza zuwa layi na biyu. Da muka bar tashar Sadat na raɗa mata cewa yanzu ruwan Nilu yana saman kanmu. Ta ɗaga ido ta kalli rufin taragon, ta yi salati, matar da ke gefenta ta yi murmushi ta taya ta. Wata mai talla tana ratsa mu da safa da allurar ɗaura hijabi tana kiran farashi. Mata ne zalla, wasu da niƙabi, wasu kai a buɗe, wata tana shayar da jariri hankali kwance.

Wallahi abin ya taɓa zuciyata. Na tuna yadda ake cusa mace mai jego tsakanin ƙarti biyu a bayan Sharon tun daga Yankaba har Ringim, in ta yi magana ɗan kamasho ya ce ta biya kuɗin kujera biyu. A Daidaita Sahu ma ai don mata aka kawo ta zamanin Malam Shekarau, amma tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 ta koma ta kowa da kowa. Kar wani ya ɗauka Misirawa sun fi mu kunya ne. Damun mata a cikin cunkoso ne ya sa aka ware taragu biyu na tsakiya a kowane jirgi, ɗaya na mata ne koyaushe, ɗayan kuma har ƙarfe 9 na dare. Sun ga matsala sun sa mata doka, kuma matan da kansu suke tsare dokar. Namiji ya kuskura ya leƙo, ihun da za su yi masa ya ishe shi.

Masar ba Turai ba ce. Ƙasa ce mai bashi a wuya, kuɗinta ya faɗi, talakanta da burodin tallafi yake rayuwa. Amma tun 1987 suka buɗe layin farko, na farko a duk Afirka, wanda yanzu yake tafiya daga Helwan zuwa Marj. Na biyu ya fara aiki a 1996, na ukun da muka hau a Abbasiyya a 2012. Miliyoyin mutane suke hawa kullum. Yana da nasa takaicin. Da safe da kuma lokacin tashi daga aiki sai ka yi da gaske kafin ka samu wurin sa ƙafa, wasu tsofaffin taragun layin farko kuma da bazara zafinsu ba a magana. Tikitin da ya shekara goma yana fam ɗaya ya koma biyu a 2017, zuwa 2024 ya kama daga fam 8 har 20, gwargwadon nisan tafiya, kuma mutane suna ƙorafi sosai. Duk da haka mai shara da malamin jami'a jirgi ɗaya suke hawa, lokaci ɗaya suke isa.

A dawowa ne aka yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Jirgin bai shigo cikin unguwarmu ba, don haka dole a ƙarasa da ƙaramar bas. Direban ya sauke mu a ɗaya hannun babban titin da ya raba mu da gida, magariba ta kawo jiki. Titi ne mai faɗin gaske, motoci jere-jere a kowane hannu, ba danja, ba zanen tsallakawa, ba ɗan sanda. An cire duk abin da zai sa mota ta tsaya, an mayar da mahaɗa wurin juyawa, saboda haka motocin ba sa yankewa ko na ƙiftawar ido. Akwai gadar masu ƙafa, amma tana can nesa, ga matattakala doguwa, mu kuma daga wurin likitan gwiwa muke.

Muka tsaya. Samari suna zuwa su kutsa tsakanin motoci a guje su wuce. Na ja Gwaggo muka taka ƙafa ɗaya kan kwalta, wata mota ta danno oda ta wuce har iskarta ta ɗaga mata mayafi, ta koma baya da sauri gwiwar ta amsa. Muka sake gwadawa, wani direba ya leƙo ta taga ya daka mana tsawa. Aka kira salla muna tsaye. Daga ƙarshe ta zauna a kan dakalin bakin titi, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa, ta ce, "'Yar nan, ki je ki kira Malam, ni kam a nan zan kwana." Na ga hawaye a idonta. Matar da ta yi rayuwarta tana ɗaukar ƙwarya a ka daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Ringim a ƙafa, rani da damina, ita ce yau gida yana kallonta tana kallonsa ta kasa isa. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba, kuma ba wanda zan kama da laifi, don kowa a kan hanyarsa yake.

Wani yaro mai gasa dankali a baro ne ya cece mu. Ya bar wutarsa, ya zo ya kama hannunta yana ce mata Hajja, ya ɗaga ɗaya hannun sama, ya shiga gaban motoci yana tsayar da su layi bayan layi da ƙirjinsa. Haka muka tsallaka, birki yana ƙara ta ko'ina. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya koma da gudu. Allah ya yi masa albarka, ya raya shi. Amma ina dalilin da zai sa ran yaro ya zama danjar titi?

Daga baya na riƙa tambayar maƙwabta. Matar mai gidanmu, wadda ta tashi a Misiral Jadida, ta ce unguwarsu da tana da jirgin lantarki mai bin tsakiyar titi, wanda ya haura shekara 100 yana aiki, ga itatuwa a jere. Aka tumɓuke layin, sannan a 2019 da 2020 aka sare itatuwa, aka faɗaɗa tituna, aka kafa gadojin sama. Mota ta samu gudu, tsofaffin unguwar kuma suka rage fita. Alhali yawancin gidajen Alƙahira ba su da mota. Garin nan yana da gadar 6 ga Oktoba mai tsawon kilomita 20 da rabi, wadda aka kusa shekara 30 ana ginawa kafin a gama a 1996, kuma ita kanta yau cunkoso ake yi a samanta. Binciken Bankin Duniya na 2014 ya ƙiyasta cunkoson Alƙahira yana cin kusan dala biliyan 8 duk shekara. Dalilin a fili yake. In ka faɗaɗa titi, wanda da yake hawa bas sai ya ga gara ya sayi mota, bayan 'yan shekaru titin ya sake cika. Gadar sama kuma ba ta kashe cunkoso, tura shi take yi mahaɗa ta gaba, kamar mai korar jan-baki daga gonarsa su sauka a ta maƙwabci. Yanzu har sabon babban birni suke ginawa a sahara, kimanin kilomita 45 gabas da nan, wanda talakan unguwar Imbaba ba shi da kuɗin zama a cikinsa.

Abin da ke damuna shi ne wannan ɓangaren muka ɗauko a gida, muka bar ɗayan. Duk gwamnan da ya zo sai ya yi gada, mu kuma mu ɗauki hoto mu sa a Facebook muna cewa Kano ta zama Dubai. Ku gaya mini gaskiya, mutumin ƙauyenmu da ya kawo matarsa asibitin Murtala, gadar Ƙofar Nassarawa ko ta Ɗangi nawa ta rage masa a kuɗin mota? Daga Yankaba adaidaita nawa zai canza da marar lafiya a kafaɗa? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 na san waɗanda suka daina zuwa ganin likita a birni saboda kuɗin hanya kawai. Maganar jirgin cikin garin Kano kuwa mun sha jin ta.

Ba sai an haƙa ƙasa ba. Wata 'yar Senegal da muke karatun tajwidi tare ta nuna mini a wayarta manyan bas-bas masu aiki da lantarki da aka fara a Dakar a 2024, an ware musu layinsu a tsakiyar titi mai tsawon kilomita 18, ba motar da ke shiga. Darussalam ta Tanzaniya ta yi irinsa a 2016, Legas tun 2008, asalin dabarar kuma daga garin Kuritiba na Brazil ne a 1974. Titin Haɗeja, titin Zariya, titin Katsina, duk suna da faɗin da za a yanka musu layi guda a ba bas. Abin da ake bukata shi ne shugaban da zai iya ce wa masu manyan motoci su haƙura da wannan layin. Yaranmu masu tuƙa adaidaita kuma, waɗanda da yawansu daga ƙauyukanmu suka tafi ci-rani, kar a wayi gari a kore su. A ba su aikin kwaso mutane daga lunguna zuwa tashar bas, su ma su ci abinci.

Mu ma sai mun gyara hali. Inda duk aka bar wa masu ƙafa gefen titi, kafin wata ya zagayo mun jera tebura da buhuna da injin faci, tsoho ya koma bin kwalta. Ba ma iya layi, mota ta tsaya mai ƙarfi ne zai fara shiga. Ƙarfen gada da murfin kwata mu ne muke cirewa mu kai wa 'yan gwangwan. Sannan mun mayar da hawa motar haya abin kunya, wanda duk Allah ya buɗa wa sai ya sayi tasa ko da bashi ne, don kar a gan shi a tasha.

Duk da haka akwai abinmu da nake kewa. A gida direba ya san ɗiyar wa ce ke, in kuɗinki bai cika ba ya ce ki kawo ran kasuwa. Za ki ba shi buhun gero da saƙon baki ya kai har Kurna ba takarda ba shaida. A nan ƙofar ƙarfe ba ta san uzuri ba, ko fam ɗaya ya gaza sai dai ki juya. Nakan tuna hanyar amalanke daga gona da yamma, kowa ya wuce sai ya yi maka sannu, ba abin da zai kaɗe ka. Ba na son tsarin da zai kashe mana wannan.

Yaya, kai da kake yawan buga waya gidan rediyo, ga abin da nake roƙon ka tambaya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 zai bi ta Kazaure, yana kuma da reshe zuwa Dutse. A ina za a ajiye tashoshin, kusa da kasuwa da tashar mota ko can bayan gari inda sai an sake biyan ɗan acaɓa? Za a ware wa mata tarago? Za a bar wurin buhu da kwando? Ita Dutse kuma, da ta zama babban birnin jiha a 1991, har yanzu tana da fili. Yanzu ne za a iya shata layin bas da hanyar masu ƙafa da ta masu keke, a dasa darbejiya a gefe, a sa danja da zanen tsallakawa a gaban kowane asibiti da makarantar firamare, tun kafin a sayar da filayen a gina shaguna har bakin kwalta.