Gargaɗi: mai tallan oba-oba “mai cin kilomita 50” ya tafi da Naira dubu 720

Naira dubu 720. Oba-oba guda 16, kowace ɗaya dubu 45. Kuɗin da kwamitin wata unguwa a nan Kano ya bi gida-gida ya tara ne, wannan dubu biyu, wancan dubu biyar, don 'yan sintirin dare da kuma shirin damina, idan ruwa ya ci unguwa sabis ya ɗauke. An kawo mana kwalin shago, mu masu ɗaure eriya, wai mu duba saiti, tunda na bakin masallaci ba ya jin na bakin kasuwa, tazarar da ba ta cika kilomita biyu ba. Babu abin da ya samu saiti. Kayan ne iya ƙarfinsu ke nan, kuma wanda ya sayar ya sani.

Mutumin yana talla a Facebook da WhatsApp, hoton kwali da rubutu ɓaro-ɓaro: 25W, 50KM, batir 9800mAh. Ya iya baki. Ya tuna musu yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumbar 2021, ya tuna musu ambaliyar Maiduguri ta 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Duk gaskiya ne, shi ya sa maganar ta shiga. Ya zo har ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, dattawa na zaune a tabarma, ya danna maɓalli ya ce, “Wudil, Wudil, kana ji na?” Murya ta fito tas: “Ina ji, oga, ga ni a bakin gada.” Sai ya miƙa wa shugaban kwamiti ya ce, “Baba, gaisa da shi da kanka.” Baba ya gaisa, aka amsa. A nan aka gama ciniki. A nan dubu 720 ta tafi.

Kada wani ya zo ƙasa yana rubuta cewa mutanen nan sun yi wauta. Sun nemi a gwada a gabansu, an gwada. Sun ji da kunnensu. Me ake so mutum ya ƙara yi idan ba sana'arsa ba ce? Wa ya ga yaron da ya amsa ɗin a Wudil? Babu. Amma wa zai kawo a ransa cewa mutum zai durƙusa gaban dattawa ya rantse a kan ƙarya irin wannan?

Mu da muke ɗaure eriya mun san muryar da ta fito tas ɗin nan ita ce shaidar damfara. Ƙaramar oba-oba idan ta kusa ƙarshen iyakarta sai ta fara shuu, magana na yankewa. Daga cikin Kano zuwa Wudil kusan kilomita 40 ne. Murya babu ko ƙura, daga hannun mutum zaune a tabarma, tsakanin katangu? Ko dai yaron yana cikin adaidaita a bayan layi, ko kuma wadda aka yi gwajin da ita mai sim ce. Akwai irin wannan a kasuwa, kamanninta na oba-oba amma da data take aiki, ta kan turken kamfanin waya. Za ta kai ka Legas ma, muddin akwai sabis. Ranar da aka rufe layi, ranar da aka saye ta dominta, ba za ta kai ka ƙofar gida ba. Daga baya ne ma sakataren kwamiti ya tuna cewa wadda Baba ya riƙe tana da allo mai nuna sandunan sabis. Waɗanda aka kawo a kwali babu allo ko ɗaya, maɓallin murɗawa ne kawai mai tasha 16.

Af, kafin a kawo kwalin ma an riga an tura dubu 400, kuma sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Sauran dubu 320 hannu da hannu aka ba shi ranar da ya sauke kaya, da magariba, yana sauri wai zai kama motar Kaduna. Rasit ɗin babu adireshin shago. Dubu 400 da dubu 320. Ina da hoton shaidar turawar, da hirar WhatsApp ɗin inda ya rubuta “50km garanti”, zan saka su idan na gama rufe lambobin mutane.

Siginar waɗannan na'urori, ko zangon VHF ko UHF, tafiyar hasken tocila take yi: miƙe, abin da ya tare ta ya tare ta. Ƙasa kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana lanƙwasa. Lissafin ba shi da wuya, ko a waya za ka yi. Ɗauki tsayin kowace eriya daga ƙasa a mita, danna masa alamar √ a kalkuleta, haɗa amsoshin biyu, ka ninka da 4.1. Mutum biyu a tsaye, eriya a mita ɗaya da rabi kowanne, kilomita 10 za ka samu. Wannan shi ne ƙarshen abin da doron ƙasa ya yarda da shi, a fili fetal, babu gida babu bishiya babu tudu, kuma da wuya ka same shi cikakke. A gona ko daji mai sarari, kilomita 3 zuwa 5 ake gani. A cikin gari mai gini manne da gini, ɗaya zuwa biyu, wani lungun ma mita 500. In kana son kilomita 50 da mutum a tsaye a ƙasa, sai ɗaya ɓangaren ya hau tsayin kusan mita 120, bene mai hawa talatin da wani abu. Ina yake a Kano? Lambobin da ake bugawa a kwali, idan ma an taɓa gwada su, daga kan dutse zuwa kan dutse ne, babu komai a tsakani.

Sai batun wat 25, wato ƙarfin siginar da aka rubuta 25W a kwali. Mun ɗora guda biyar a na'urar auna ƙarfi, babu wadda ta kai wat 2. Ko ba a auna ba, batirin ya tona asiri. Na volt 3.7 ne, kuma da muka ɓare sitikar 9800 ɗin, 1500mAh aka buga a ƙasanta. Kafin na'ura ta fitar da wat 25 sai ta ja kusan wat 50 daga batir, wato amfiya 13 da ɗoriya. Batir ɗin nan ba zai yi minti bakwai ba, robar jikin kuma sai ta narke a hannunka. Oba-oba ta hannu ta gaskiya wat 4 zuwa 5 take bayarwa, wasu 8. Kuma ko 8 ɗin ba wani tasiri ne da ita ba: daga wat 5 zuwa 8 nisan da zai ƙaru bai kai kashi 13 cikin ɗari ba. A doron ƙasa, kafin ka ninka nisa sau biyu da ƙarfi kaɗai, sai ka ninka wat kusan sau 16. Shi ya sa duk mai tallan da ya fara maka da wat, bai tambaye ka ina za ka tsaya ba, ciniki kawai ya kawo shi.

Dubu 45 kowace ɗaya, kayan da a kasuwa ba sa kai rabin haka. Wannan ne yake ci mini rai. Da dubu 720 ɗin nan da an haɗa musu abin da zai rufe unguwar gaba ɗaya. Eriyar waje a kan bututun ƙarfe mai mita 10 a saman masallaci ko tankin ruwa, lissafin nan na sama ya koma kilomita 18, a aikace kuma ka samu ninki biyu ko uku na abin da kake samu a ƙasa. Sai dai a kula da wayar da ke haɗa eriya da na'ura: siririyar RG-58 a zangon UHF tana cinye kusan rabin ƙarfin a cikin mita 10 kacal, don haka a sa RG-213 mai kauri, a taƙaita tsawonta, a naɗe mahaɗa da tef mai hana ruwa, a kuma yi wa bututun wayar ƙasa saboda tsawa. In ana son na hannu su ji juna daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, rifita ake sawa, na'urar da ke karɓar magana a zango ɗaya ta sake watsa ta a wani daga can sama, da batir da sola nata. Ita ce sirrin da ya sa ka ga jami'an tsaro suna magana da nisa da 'yar ƙaramar na'ura. Tana da tsada kuma tana buƙatar izinin hukuma. Mutumin bai ambaci ko ɗaya ba.

Bai kuma gaya musu cewa duk mai irin wannan na'urar zai iya sauraron su ba. Tashoshi 16 ɗin da saitin masana'anta suke zuwa, iri ɗaya da na dubban da ke gari. Abin da ya kira “lambar sirri” sautin CTCSS ne, aikinsa ya hana ka jin wasu, ba ya hana wasu jin ka. Ka duba, 'yan sintiri suna faɗin lungun da suke da wanda babu kowa, ɓarawo na saurare.

Har yanzu maganar nan ce ke dawo mini, “Baba, gaisa da shi da kanka.” Ya san idan babba ya ji da kunnensa babu yaron da zai ɗaga murya ya ce a sake gwadawa. Da ladabinmu ya yi amfani. Yanzu lambarsa a kashe, shafin ya canza suna, amma hoton kwalin dai shi ne, 25W, 50KM, kuma jiya an turo mini tallan daga wani zauren WhatsApp na manoma. Su kuma kwamiti ga taron unguwa na tafe, za su tsaya gaban waɗanda suka ba da dubu bibbiyu su yi bayanin dubu 720.

Kayan da ke hannu ba za a zubar ba. Mun sake musu tashoshi, mun nuna musu a riƙe eriya a tsaye ba a kwance ba, don kwantar da ita kaɗai yana iya kashe sigina. A fito daga ƙarƙashin rufin kwano da cikin mota kafin a danna, a hau abu mai tudu, a ajiye mutum ɗaya a saman bene a tsakiya yana isar da saƙo. Da haka suna rufe kilomita biyun.

In za ka saya: ka ɗauki biyu daga cikin ainihin kwalin da za a ba ka, mutuminka ya tafi da ɗaya a babur, ku gwada a unguwarku kowane rabin kilomita, mai kaya yana tsaye. Buɗe bayan ka duba ko akwai ramin sim. Kada ka tura kuɗi asusun da ba sunan mai shago ba. Hoton na'urar awon da sitikar batirin suna nan tafe anjima da dare.